Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

Ina neman izini in amsa wata tambaya da 'yan'uwana ɗalibai suka dame ni da ita tun ranar gasar wasanni ta gidaje, sa'ad da suka gan ni rataye da kyamara ina bin 'yan tsere a bakin fili. Tambayar ita ce, "Wai nawa ka saye ta?" Waɗansu ma ba su tsaya jin amsa ba, sun riga sun yanke cewa mahaifina ya yi arziki ne na ɓoye musu. To, ba haka ba ne. Kyamarar nan ta girme ni, gama a shekarar 2006 aka fito da irinta, lokacin ba a ko haife ni ba. Kuɗinta kuwa kuɗin akuya ne da 'ya'yanta biyu. Abin da na ke so in nuna shi ne, wanda ya ke son koyon ɗaukar hoto ba sai ya jira ya sami kuɗin sabuwar kyamara ba. Tsohuwa ta ishe shi, in dai ya san abin da zai duba kafin ya saya, ya kuma yi haƙurin koyon sha'anin haske.

Asalin abin, baƙin ciki ne ya kai ni. Bara waccan Allah ya yi wa kakana na wajen uba rasuwa. Bayan an yi sadakar bakwai, gwaggona da ke aure a nesa ta ce a ba ta hotonsa ta tafi da shi. Aka duba ko'ina, babu. Ashe duk hotunan da aka taɓa yi masa a 'yan shekarun nan suna cikin wayar baffana ne, wayar kuwa an zare ta daga aljihunsa a tashar mota wata biyu kafin rasuwar. Abin da ya rage mana sai ɗan hoton da ke jikin katinsa na zaɓe, wanda bai fi kan babban yatsa ba. Tsoho ya yi noma, ya yi fatauci, ya aurar da 'ya'ya da jikoki, amma ƙannena ƙanana za su tashi ba su san kamanninsa ba. Ran nan na dubi kakata tana zaune tana jan tazbi, na ce a raina ita kam ba za a yi haka da ita ba.

Wani zai ce, ai waya ma tana ɗaukar hoto. Gaskiya ne, har ma akwai wayoyin da ke ɗauka da kyau ƙwarai. Amma mu 'yan makarantar kwana doka ta hana mu riƙe waya, ita kuwa kyamara na nemi izini a ofis an ba ni, da sharaɗin ta zauna wurin malamin gidanmu sai ranar da a ke bukata. Ban da wannan kuma, waya ita ke yi wa mutum tunani. Kai dai danna, ita ta zaɓi kome. In hoton ya yi kyau ba ka san dalili ba, in ya ɓaci ma ba ka sani ba, don haka ko ka shekara goma kana dannawa ba abin da ka koya.

Da aka yi hutu sai na tafi wurin wani dattijo mai hoto a garinmu, wanda tun zamanin fim ya ke sana'ar, shi ne ma ya yi wa iyayena hoton aure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, so na ke in koyi aikinku, amma na tambayi kuɗin sabuwar kyamara, ko gonarmu aka jinginar ba ta saye." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wa ya aike ka wurin sabuwa? Wanda bai iya hawa ba, ina ruwansa da ingarma? Nemi ta hannu, wadda wani ya gaji da ita." Shi ya yi mini bayanin yawancin abin da zan faɗa a nan, saura kuwa daga littafin kyamarar na karanta, ko kuwa kuskure ne ya koya mini.

Sauran aiki shi ne shawo kan mahaifina. Ina da akuya wadda kakata ta ba ni tun ina firamare, na ce zan sayar da ita da 'ya'yanta. Baba ya yi shiru, can ya ce, "Kai, akuya tana haihuwa. Ita wannan abar me ta ke haifa?" Ban sami amsa ba. Sai da kakata ta sa baki ya yarda, amma ya kafa sharaɗi biyu. Na ɗaya, in sakamakona na jarrabawa ya ja baya ko da kaɗan, zai kulle ta a akwati sai na gama makaranta. Na biyu, kafin shekara ta zagayo in mai da akuya a turkenta da kuɗin da na samu da hoto.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa tsofaffin kyamarori suka yi araha. Kyamarar da ba ta aiki da fim, wadda a ke kira dijital, wani injiniya ne na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya fara harhaɗa ta a shekarar 1975. Nauyinta ya wuce kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne, a kaset ta ke ajiye shi, kuma sai an jira daƙiƙa 23 kafin hoto guda ya shiga. Tun daga lokacin da irin waɗannan kyamarori suka shiga kasuwa, kusan kowace shekara kamfanoni sai sun fito da sabon samfuri, masu kuɗi su saya su saki na da. A shekarar 2018 kuma manyan kamfanonin nan biyu na Japan, watau Nikon da Canon, suka fito da sababbin manyan kyamarori marasa madubi a ciki, masu sabon irin bakin gilashi, jama'a da yawa suka koma can. Tsofaffin masu madubi suka cika kasuwa, har suka iso mana nan tare da sauran kayan sakan. Ba lalacewa suka yi ba, yayinsu ne ya wuce. Kyamarar da ta ɗauki hoto mai kyau a 2006 ba ta manta yadda a ke ɗauka ba.

Abin da masu sayarwa su ke ruɗin mutane da shi shi ne megafiksel. Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera, kamar saƙar hula, ɗigo miliyan guda shi ne megafiksel ɗaya. Ta Sasson ɗigo 10,000 kaɗai gare ta. Tawa, Nikon D40, tana da megafiksel 6, watau ɗigo 3,008 a tsawo, 2,000 a faɗi. Wani abokina ya yi mini dariya, ya ce wayar yayansa 50 gare ta. To, mu yi lissafi, tun da duk mun yi ajin lissafi. Masu wanke hoto sun ce in aka sami ɗigo 300 a kowane inci, ido ba ya ganin aibi. In ka raba 3,008 da 300 za ka sami inci 10, ɗaya gefen kuma ya wuce inci 6 da rabi. Wane hoto ne a gidajenmu ya fi wannan girma, in ba na sarki da a ke ratayewa a ofis ba? Abin da ya fi yawan ɗigo muhimmanci shi ne girman ɗan allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda masu sana'a ke kira sansa. Na D40 tsawonsa ya kusa milimita 24, faɗinsa ya kusa 16, ya ninka na irin wayoyin da yawancin mutane ke riƙewa fiye da sau goma. Babban faranti ya fi ƙarami tarar ruwan sama, haka babban allo ya fi tarar haske.

Ba na ce sai irin tawa ba. Akwai Nikon D3100 ta shekarar 2010, da Canon 450D ta 2008, da Canon 1100D ta 2011, duk a kan same su a wurin masu kayan sakan, kuma kowacce ta ishi mai koyo. D3100 da 1100D har bidiyo suna ɗauka, tawa kam ba ta yi. Abin da zan ce a nace a kai shi ne kyamarar ta kasance tana da harafin M a jikin 'yar dabarar da ke samanta, domin nan ne ta ke sakar maka ragama. Yawancinsu da gilashin da aka rubuta wa 18-55mm su ke zuwa, kuma ya isa a fara da shi. Ƙananan nan na aljihu ma suna da amfaninsu, amma da yawa ba su da M, ga shi kuma a 'yan shekarun nan samari da 'yammata a ƙasashen waje sun mai da su abin yayi, har kuɗinsu ya tashi.

Ranar sayayya dattijon nan ya raka ni birni, kuma wallahi da ni kaɗai na je da an yi mini sakiyar da ba ruwa. Kyamara uku ya mayar kafin ya yarda da ta huɗu. Da farko ya kan juya ta ya dubi kusurwoyinta, in ya ga lotsewa ya san ta taɓa faɗuwa. Ya buɗe ɗakin batir ya leƙa, in ya ga kore-kore ko fari-fari a jikin ƙarafan, ruwa ya taɓa shiga. Sa'an nan ya cire gilashin, ya haska shi da tocila ta baya, ya duba ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba kome ba ce, kowane tsohon gilashi yana da ita. Amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, damshi ya haifar da ita, kuma yaɗuwa ta ke yi. Wannan ko kyauta aka ba ka, kada ka haɗa shi da sauran kayanka. Bayan haka ya mai da gilashin, ya tsuke ƙofar haske zuwa f/22, ya ɗauki farin bango, ya buɗe hoton ya ƙara girmansa. Duk dattin da ke kan allon nan mai karɓar haske zai fito baƙi-baƙi. Ɗigo biyu ko uku a kan iya sharewa, amma layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa ciwo ne da ba shi da magani mai araha.

Akwai kuma abin da ba ya ganuwa da ido. A gaban allon nan akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk sa'ad da aka danna, shi ne ƙarar da ku ke ji. Labulen nan yana da iyakar kwanansa, kamar tayar mota. Kyamarorin Nikon irin tawa su kan rubuta adadin dannawar da aka yi a ɓoye cikin kowane hoto, in aka sa hoton a kwamfuta a kan iya karantawa. Kyamarar mai ɗaukar biki, wadda ta sha aiki kowace Asabar da Lahadi, ba daidai ta ke da ta mutumin da ya saya ya ajiye a durowa ba, ko da kuwa a ido kamarsu ɗaya. Daga ƙarshe, kada ka biya sai ka ga batir da caja, ka kuma ɗauki hoto ashirin ko talatin a gaban mai sayarwa, kusa da nesa, da filasha da babu.

Duk da wannan rakiya sai da na yi kuskure biyu daga baya, da na koma kasuwa ni kaɗai. Na ga memori mai araha an rubuta masa babban adadi, na saya ina murna, Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado. Ranar sunan ɗan yayata na ɗauki hotuna fiye da ɗari, da aka sa a kwamfuta rabinsu suka ƙi buɗewa. Ashe jabu ne, cikinsa bai kai abin da aka rubuta a bayansa ba. Kunyar da na ji ran nan ba ta faɗuwa, gama yayata ta hana a kira mai hoto saboda ni. Abin takaicin ma shi ne ban bukaci babba ba. Memori na gaskiya mai gigabait 4 yana ɗaukar hoton D40 fiye da dubu, kuma ita D40 ba ta ma karanta sababbin nan masu gigabait 64 zuwa sama. Kuskure na biyu rashin tambaya ne. Na ari wani gilashi mai lamba 50mm, na ɗaura, ya shiga daidai, amma ya ƙi saita gani da kansa, har na zaci na ɓata kayan mutane. Ashe D40 ba ta da injin juya gilashi a jikinta, sai gilashin da aka rubuta wa AF-S, wanda ke da nasa injin a ciki. Sauran sai ka juya da hannu, kana duban wani ɗan koren ɗigo a cikin mahangi, in ya kama to gani ya daidaita.

To, an sayi kyamara, sai koyo. A nan ne na ke so 'yan'uwana su natsu, don shi ne gundarin darasin. Kyamara ɗaki ne mai duhu wanda aka yi wa 'yar taga. Wanda ya taɓa kwanciya da rana a ɗakin da aka rufe ruf, ya ga inuwar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa ta hanyar hujin ƙofa, ya riga ya ga asalin abin. Wani malami Balarabe, Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin wannan kimanin shekara dubu da suka wuce. Aikin mai hoto duka shi ne ya auna hasken da zai shiga ɗakin nan. In ya yi yawa hoto ya ƙone ya yi fari fat, in ya yi kaɗan ya yi duhu. Abu uku kuwa a ke aunawa da su.

Na farko faɗin tagar, watau ƙofar haske da ke cikin gilashi. Lambobinta su ne f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22. Abin da ya fi rikita ni da farko shi ne a juye su ke: ƙaramar lamba babbar ƙofa, babbar lamba ƙaramar ƙofa. Daga kowace lamba zuwa ta gaba haske ya ragu da rabi. Amma ba haske kaɗai ƙofar ke canzawa ba. In ka buɗe ta sosai, mutumin da ka saita zai fito tangaran, abin da ke bayansa ya yi dishi-dishi, shi ya sa a ke so haka a hoton mutum ɗaya. In kuwa ajinku duka za ka ɗauka, sahu uku, sai ka tsuke zuwa f/8 ko f/11 don na baya ma su fito.

Na biyu tsawon lokacin da labule zai zauna a buɗe, a kan rubuta shi 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000, watau kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa, har zuwa ɗaya cikin dubu. Shi ma kowane mataki rabin na baya ne. Mutumin da ke zaune 1/125 ta ishe shi. Ɗan tsere ko doki a sukuwar hawan Salla sai 1/1000, in ba haka ba ƙafafun su zama hayaƙi. Da gilashin 18-55mm ban yarda in sauka ƙasa da 1/60 ina riƙe da hannu ba, don ko numfashi yana girgiza hoto. In dole ta kama, na kan ɗora kyamarar a kan turmi ko katanga.

Na uku shi ne ISO, watau yadda a ke ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske. Tawa daga 200 ta ke farawa. In wuri ya yi duhu a kan ɗaga zuwa 800 ko 1600, amma hoton ya kan yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. A nan ne tsufan kyamara ya ke bayyana, kuma ba zan ɓoye ba: da dare sababbin kyamarori, har ma da waɗansu wayoyi, sun fi tawa nesa. Mu dai Allah ya hore mana rana, sai mu yi aiki da ita.

Abubuwan nan uku kamar ma'auni su ke, in ka ƙara nan sai ka rage can. Misali, in f/8 da 1/250 sun ba ka haske daidai, to f/5.6 da 1/500 ma haske ɗaya za su ba ka, don ka ninka faɗin taga ka kuma rage lokaci da rabi. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta masu hoton zamanin fim: in rana ta fito tarwai, sa f/16, lokacin labule kuma ya yi daidai da lambar ISO. Ga tawa, ISO 200, f/16, 1/200. Na gwada a filin ƙwallo, ta yi daidai. Mako biyu na yi ina ɗaukar tulun ruwa guda a tsakar gida, ina canza lamba ɗaya-ɗaya, ina rubutawa a bayan littafina na aikin gida, har mahaifiyata ta tambaya ko tulun zai yi tafiya ne a ke yi masa fasfo.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Mutanenmu suna son fararen kaya, fatarmu kuwa baƙa ce. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara in ya ga babbar riga fara ƙal sai ya zaci haske ya yi yawa, ya rage, fuskar mai rigar ta nutse cikin duhu. Wanda ya bar kyamararsa a AUTO haka zai yi ta samun riga ba mutum. Maganin shi ne ka ƙara haske mataki ɗaya da kanka, ka duba, in rigar ba ta ƙone ba shi ke nan. Kuma a guji tsakar rana, lokacin da rana ke bisa kai, idanu su zama ramuka, kowa yana yamutsa fuska. Hantsi da bayan la'asar su ne lokutan hoto. In kuwa dole sai da rana, shigar da mutum inuwa. Ban ga wurin da ya kai bakin zaure ba: mutum ya zauna daga ciki kaɗan yana fuskantar ƙofa, haske ya sauka a fuskarsa a hankali, bayansa kuwa duhu.

Kada wani ya raina irin wannan farawa. Seydou Keita na Bamako a ƙasar Mali, wanda a yau a ke nuna hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, da 'yar ƙaramar Kodak Brownie ya fara, wadda wani ɗan'uwan iyayensa ya kawo masa tsaraba daga Sanigal a 1935. Da ya buɗe wurin sana'arsa a 1948, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, da zane mai ado a rataye a baya. A nan Nijeriya ma J. D. Okhai Ojeikere da Brownie ya fara a 1950, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar kitson mata iri-iri, har ya tara kusan hoto dubu. Ya rasu a 2014, amma kitson da aka daina yi yana nan a hotunansa. Da na ji wannan sai na fara duban garinmu da wani ido. Masaƙan da suka rage a unguwarmu tsofaffi ne duka, kuma ban ga yaro ko ɗaya yana koyo a gabansu ba. Na ɗauki biyu daga cikinsu suna aiki, bayan na nemi izini.

Neman izinin nan wajibi ne. Ba a ɗaga wa mutum kyamara haka kawai, balle matan aure da 'yammata, akwai kuma dattawan da ba su son hoto sam saboda fahimtarsu ta addini, sai a girmama su a wuce. Haka nan ba a ɗaukar bariki ko shingen jami'an tsaro. Wanda ka ɗauka kuma, in ka wanke ka kai masa nasa.

Wajen kula da ita, abokan gaba biyu ne, ƙurar hunturu da damshin damina. Da hunturu ba na cire gilashi a waje ko kaɗan, in zan canza sai a ɗaki, bakin kyamara yana duban ƙasa. Ba a goge gilashi da bakin riga, ba a kuma hura shi da baki, akwai ɗan famfon roba mai hura iska da a ke sayarwa don haka. Da damina ina ajiye ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse damshi da a kan samu a kwalin sabon takalmi. In za ta daɗe ba a taɓa ba, a cire batir. Hotuna kuwa, bayan abin da ya sami na kakana, ba na barinsu wuri ɗaya. Ina juye su a kwamfutar wani ɗan'uwanmu, waɗanda suka fi kyau kuma in kai a wanke a takarda.

Ga iyayenmu da za su karanta wannan, na san tambayarku irin ta Baba ce. Ba zan ce kyamara tana haihuwa kamar akuya ba. A hutun da ya wuce na yi hoton suna biyu da saukar karatu ɗaya, na kuma yi wa 'yan aji shida hotunan tunawa. Bayan an cire kuɗin wanki da na sabon batir, abin da na tara ya kai kuɗin 'yar burguma, bai kai na uwa ba tukuna, saura wata huɗu wa'adina ya cika. Sakamakon jarrabawa kuwa bai ja baya ba, har ma darasin haske a kimiyyar fizis, wanda da ya ke ba ni wuya, yanzu ni a ke tambaya a ajinmu.

Hoton kakata sai da na yi sau uku kafin in samu. Na farko ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce ita ba amarya ba ce. Na biyu ta daskare kamar an kai ta gaban alƙali. A na uku na zaunar da ita a bakin zaure bayan la'asar, na rataya zanenta na saƙi a baya, na sa f/5.6 da 1/125, na ce ta ba ni labarin yadda aka kawo ta gidan nan a kan doki. Tana cikin labarin na danna. Na wanke guda biyar, ɗaya na aika wa gwaggona, ɗaya Baba ya karɓa bai ce kome ba, amma na gan shi daga baya cikin littafin da ya ke ajiye takardun gona. Da na miƙa mata nata, ta daɗe tana dubawa, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, sa'an nan ta ce, "Kai maigida, wannan ai uwata ce ka ɗauko. Ni yaushe na tsufa haka?" Na ce, "Ai shi ya sa na ke shirin yi miki kishiya." Ta jefe ni da mafici, ta sa hoton a ƙarƙashin matashinta.

Duk mai son ganin kyamarar, ko yana da wata a gida da aka jefa a akwati ba a san ko tana aiki ba, ya same ni ranar Asabar bayan an gama duba ɗakuna, a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin karatu. Ya zo da batir ɗinta da caja in akwai.